Wuƙar Mai Hawa Ƙarfe

"Lafiya ƙalau, Amarya, sai dai gwiwa. Shigo mana, kin tsaya a bakin ƙofa kamar wadda ta kawo sammaci."

"Ta ina zan shigo, Ango? Ɗakin nan ko ƙuda ya zo sai ya tambayi hanya."

Jikata ce, 'yar babban ɗana. Tun tana rarrafe nake ce mata Amarya, ita kuma tun da ta iya magana ba ta da wani suna da take kirana da shi sai Ango. Shekara biyu ke nan da wani yaro mai aikin hawa dogayen ƙarafan waya ya ɗauke mini ita ina ji ina gani. Biri nake ce masa, yana kuwa amsawa.

Ɗakin da take ci wa mutunci, a cikinsa na yi shekara arba'in da ɗoriya ina gyaran keken ɗinki. Yanzu ido ya ja baya, aiki ya ragu, amma teburina yana nan jikin taga, da kwalbar mai, da murfin gwangwanin da nake zuba ƙananan kusoshi. Da hantsi ne. Ta same ni ina fama da wata wuƙar aljihu mai naɗewa, wadda wani mai babur ya kawo mini kwana uku da suka wuce, ya ce daga jikata. Ban taɓa riƙe wuƙa mai tsada irinta ba, ban kuma taɓa riƙe ƙarfen da ya ruɗa ni kamarta ba.

"Kin zo karɓar godiya ke nan," na ce mata. "To nemi wuri ki zauna. Na gode. Shekara ashirin da biyar ina ɗura miki alawa, sai bana Allah ya nufa na ga abin hannunki."

"Godiyar me?"

"Wuƙa mana."

"Wace wuƙa? Tsaya. Ango, buɗe kwalin ka yi?"

"A'a, na sa shi a gaba ina yi masa fifita."

"Na shiga uku! Ango, ba taka ba ce!"

Na dubi wuƙar, na dubi yarinyar. Na sake duban wuƙar.

"Sunan wa ke jikin kwalin?"

"Naka, amma..."

"Gidan wa aka kawo?"

"Naka, amma don kada ya gani ne! Ta maigidana ce. Gobe da asuba zai tafi aiki, wata shida ba zai dawo ba. So nake in sa masa a aljihu yana fita. Na kira ka ya fi a ƙirga in ce ka ajiye mini kawai, wayarka a kashe."

"Tana cikin durowa. Damuna take yi."

"To me ya sa aka saya maka wayar?"

"Ni ma tambayar da nake yi ke nan."

Gaskiya abin ya ɗan taɓa ni, domin tuni na nuna wa maƙwabcina mai wanki da guga wuƙar har sau biyu, na ce masa ya nuna mini abin da nasa jikokin suka taɓa saya masa. Amma ban bari ta gani a fuskata ba.

"Wato ni mai gadi ne," na ce. "Kin sayi wuƙa ga Biri, kin ba mijinki na fari ajiya. Me biri zai yi da wuƙa? Ai yana da haƙori."

"Shi yana da haƙori, kai ne ba ka da shi. In ma an ba ka wuƙa me za ka yanka? Shayi?"

"Zan yanke igiyar aurenki da ni, in huta."

"Ka yanke, wa zai kwashe ka? Miƙo mini ita, sauri nake yi."

Na miƙa mata a buɗe, ƙota gaba. Ta juya wannan gefe, ta juya wancan. Ta matsa jikin taga ta sake juyawa. Sai na ga bakinta yana buɗewa a hankali.

"Ango, me ya sa gefe ɗaya yake ƙyalli kamar madubi, ɗayan kuma yana da duhu?"

"Ban gama ba ne. Kin zo da wuri."

"Ba ka gama me ba?"

"Gyara. Cutarki aka yi, yarinya. Tsohuwa suka sayar miki. Da na buɗe kwalin na same ta duk ta dushe, kamar an ɗaura ta a bayan mota an ja ta cikin tsakuwa. Kwana biyu na yi ina bin wannan gefen da sanfefa mai laushi da mai, har na ga fuskata a ciki."

"Haka ake yin ta! Adon ke nan! Da gangan suke sa ta cikin duwatsu su jujjuya don ta dushe!"

"Da gangan?"

"Da gangan. Ita ta fi mai ƙyalli tsada."

"Tsaya in fahimta. Su ƙera wuƙa, su goge ta tas, sannan su zuba ta cikin duwatsu su lalata, sannan su ƙara mata kuɗi?"

"Ba lalatawa ba ce, yayi ne."

"To ni ma ai na dushe. Me ya sa ba ki ƙara mini kuɗi ba?"

"Kai ba a cikin duwatsu aka jujjuya ka ba, a rana aka manta da kai."

Na bar ta ta ci wannan. Har yanzu ban gane ba, amma na lura a zamanin nan in ka ce ba ka gane ba sau biyu, sai a fara yi maka magana da ƙarfi kamar kurma.

"To shi wannan na ji," na ce. "Karkacewar fa? Ita ma yayi ce?"

"Wace karkacewa?"

Na karɓa na naɗe ta, na nuna mata ta sama. Bakin wuƙar, maimakon ya kwanta a tsakiyar ƙota, sai ya jingina da ɓangaren hagu yana gogar ƙarfen ciki. Duk buɗewa sai ya ja wa kansa zane.

"Kin gani? Tafiya take yi irin ta kakarki, Allah ya jiƙanta, ranar da ta sa takalmi mai tsini. Sannan shafa nan. Katakon ƙotar biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya tudu. Farce yana maƙalewa. In na haɗa keke haka, tela zai biyo ni har gida da almakashi."

"Ba zai yiwu ba. Mutum guda ne yake haɗa kowace ɗaya da hannunsa. Na kalli bidiyonsu. Har da farar safar hannu yake sawa."

"To ranar da ya haɗa wannan, matarsa ba ta ba shi abin kari ba."

"Kai ne ka karkata ta."

"A karkace ta zo. Na ɗaure kusar tsakiya, ta miƙe, amma sai ta ƙi buɗuwa sai da filaya. Na sassauta, ta buɗu, amma sai ta koma kaɗa kai kamar haƙorin yaro. Na ɗaure rabi, ta yi duka biyun. Kwana uku ban gane inda ta dosa ba."

"Ka ɗaure kusa? Da me? Kusoshinta ba irin na kekenka ba ne."

"Na gani. Kansu kamar tauraro. Sai na ɗauki tsohon sukudireba na bi shi da magagari har ya shiga."

"Ya shiga?"

"Ya shiga huɗu. Ta biyar ta ɗan yi gardama."

Ta duba ta biyar. Tauraron ya koma rami. Ta zauna a kan akwatin keke ba tare da ta share ƙurar ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Shi ke nan," ta ce. "Ba komai. Zan mayar musu. Sun ce in da matsala suna canjawa. Ina takardar garantin da ke cikin kwalin?"

"Wace iri?"

"Fara, mai kauri, da hatimi ruwan zinare."

"Oho. Mai kyan nan."

"Ita. Tana ina?"

Na nuna mata ƙarƙashin tebur. Ta leƙa. Siraran yanka ne zube a ƙasa, fari-fari, wasu da ɗan zinare a gefe.

"Ango!"

"To da me ake gwada kaifi in ba da takarda ba? Na ga sun sako ta a ciki, na ce mutanen nan suna da hankali, har abin gwaji sun haɗo. Kuma maganar gaskiya, kaifi kam akwai shi. Wannan ban zarge su ba."

"Ba ka karanta ba?"

"Rubutun kamar ƙafar tururuwa. Ni aji uku na yi, kuma a aji ukun babu wanda ya ce mini wuƙa tana zuwa da wasiƙa."

Ta dafe kai. Can kuma sai ta zabura ta fizgi wuƙar, ta buɗe, ta kai gefen mai ƙyalli daf da idonta.

"Ina sunansa?"

"Sunan wa?"

"Sunan maigidana! Na sa sun rubuta a nan, kusa da ƙota. Siriri, da ɗan lanƙwasa."

"Au. Wannan suna ne?"

"Me ka zata?"

"Na zata ƙarzuwa ce. Ita ta fi ba ni wahala ma. Rabin yini na yi a kanta."

"Ka goge sunan mijina!"

"Ban san shi ba ne."

"Ka sani! Baƙin ciki ne! Tun ranar ɗaurin aure kake harararsa!"

"Ba harara ba ce, gilashina ne ya karye. Amma da na san sunansa ne, ai da ban ɓata rabin yini ba. Da magagari zan sa."

"Allah ya isa tsakanina da kai, tsoho."

"Ya isar mana mu duka. Ni aka yi wa fashin mata, ni aka ba ajiyar kayan ɗan fashi, ni kuma ake yi wa Allah ya isa."

Ta yi kamar za ta yi dariya, ta haɗiye. Ta ajiye wuƙar a tebur, ta ɗauki kwalin ta fara kakkaɓe shi.

"Ba ni a haka. Rabi ƙyalli, rabi duhu, babu suna, babu takarda. Zan ce masa sabon yayi ne. Shi dai abin da yake nema wuƙar da zai buɗe da hannu ɗaya, don in yana can sama ɗaya hannun yana riƙe da ƙarfe. Kullum sai ya yi zancenta."

Na sa hannu na danne wuƙar a kan tebur.

"Ba za ta fita ɗakin nan ba."

"Ka ga irinta ko? Da ma na sani. Riƙe ta kake son yi."

"Ina son riƙe ta, ban musa ba. Amma ba shi ne dalili ba."

Na ɗaga mata hannuna na dama. Sai a lokacin ta lura da filastar da ke manuniyata.

"Me ya same ka?"

"Wuƙarki ce ta gaishe ni. Duba nan ciki. Kin ga wannan siririn ƙarfen? Shi ne sakatarta. In an buɗe wuƙa, sai ya yi tsalle ya tokare bayanta don kada ta rufe. To wannan ba ya shiga sosai. Da ƙyar yake taɓa gefe, kamar baƙon da ya zauna a bakin tabarma."

"Amma ai na ji ta yi ƙas."

"Ni ma ƙas ɗin na ji na yarda da ita."

"Wayo ne, Ango. Wataƙila da almakashi ka yanke don ka tsorata ni."

Na ɗauko fensirin da nake saka alama da shi, na ɗora shi a kan ƙota, daidai inda yatsun mutum suke zama. Na ce ta riƙe ƙotar ta can ƙarshe da yatsu biyu, ta buga bayan wuƙar a gefen tebur, ba da ƙarfi ba.

Ta buga sau ɗaya, shiru. Ta dube ni tana murmushi. Ta buga na biyu, shiru.

"Ka gani? Tsufa ne ya..."

A na uku wuƙar ta rufo. Rabin fensirin ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin keke.

Ta ajiye wuƙar a hankali, ta ja hannunta ta sa a cinya. Na san abin da take gani. Ni ma shi nake gani tun shekaranjiya, sai dai a lokacin yatsuna nake gani, ba na wani yaro da ke rataye tsakanin sama da ƙasa ba.

"To yanzu ya zan yi?" ta ce, muryarta ta sauka. "Tun bara nake shirin wannan abu. Gobe zai tafi hannu wofi, ni kuma in ce masa me?"

"Ki ce masa mijinki na fari ya hana."

"Ango, ba wasa nake ba."

"Ni ma na daina. Jawo kujera. Zan sake buɗe cikinta, karo na huɗu. Ni idona ya gaji da ita. Ke ki duba, tunda naki idon ba abin da yake yi sai kallon waya."

Na kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya na zuba a murfin gwangwani. Mai ramin nan sai da na lallashe ta. Na ɗaga katakon, na zare bakin wuƙar, na shimfiɗa komai a kan farin ƙyalle yadda na saba.

"Ga su nan. Kusa, ƙarfe, sakata, da zobe guda. Wannan siririn zoben, washa muke ce masa, a kansa bakin wuƙa yake juyawa. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. A keke, duk abin da ke juyawa tsakanin bango biyu, kowane gefe da nasa zoben. Nan guda ɗaya suka sa, a dama. Na ce ko shi ma yayi ne."

"Ko ka yar da ɗayan."

"Shekara arba'in ban yar da kusa ba."

"Ka yar da haƙora goma sha."

"Su ba a murfin gwangwani na ajiye su ba."

Ta ɗauki zoben ta ɗora a tafin hannu, ta kunna fitilar wayarta. Ta daɗe tana kallo.

"Ango, me ya sa gefensa yake da layi a tsakiya?"

"Wane layi?"

"Ga shi, siriri, ya zagaye shi."

"Ni ban ga komai ba."

"Kai ai ko ni ba ka gani, da murya kake gane ni."

Ta sa dogon farcen nan nata mai jan fenti, wanda kullum nake tambayarta yadda take wanke kwano da shi, ta soka a gefen zoben. Ta ɗan murɗa. Sai zobe ya rabu biyu a hannunta.

"Wayyo, na karya!"

Na karɓa na shafa da yatsa. Na shafa ɗayan. Kowanne lafiyayye, sumul.

"Ba ki karya ba. Biyu ne. Maiƙo ne ya manne su. Mai farar safar hannun naki ya ɗauko biyu a manne ya zuba su gefe guda, ɗaya gefen ya bar shi tsirara. Shi ya tura bakin wuƙar hagu, shi ya hana sakata samun wurin zama."

"Wato kwana uku kana fama, farcena ya gama a minti ɗaya?"

"Ni na kwance miki. Ke tsinta kika yi."

"Ka ce na fi ka."

"Miƙo mini kwalbar mai."

"Ka ce na fi ka tukuna."

"Kin fi ni farce."

Na goge zoben biyu, na ɗiga wa kowanne mai, na sa ɗaya dama ɗaya hagu. Na mayar da komai, na ɗaure kusar tsakiya kaɗan-kaɗan ina gwadawa. Katakon da ya yi tudu na sassauta shi na daidaita da babban yatsa kafin in ɗaure, ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Na naɗe wuƙar na duba ta sama. Bakin ya kwanta a tsakiya cif. Na tura da yatsa ɗaya, ta buɗe kamar an kira ta, sakata ta faɗa wurinta da wata ƙara mai nauyi, ba irin ta da ba.

Na ɗora guntun fensirin da ya rage. Ta buga sau goma. Na karɓa na buga sau ashirin, da ƙarfi, har maƙwabcina mai guga ya ɗaga murya ta bayan bango yana tambaya ko lafiya. Fensir ko ƙwarzane.

Na ɗan riƙe ta a hannu. Yanzu ne ta zama wuƙar da na zata an aiko mini. Na goge ta da ƙyalle, na naɗe, na sa a kwalin, na tura mata.

"Ɗauki. Ki ce wa Biri ya riƙa ɗiga mata mai, kuma kada ya buɗe gwangwani da ita."

Ta ɗauka ta rungume a ƙirji, ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta same ni ina kallon kwalin, ba ita ba.

"Ango, ranka yana kanta ko?"

"Wa? Ni? Wuƙa mai fuska biyu?"

"To ji nan. Mu yi alkawari. In ya dawo bayan wata shida ya ce ta taɓa rufe masa ko sau ɗaya, ko ta yi masa gardama, na ƙwace na kawo maka. Taka ce har abada."

Na lissafa maganar. Na tuna yadda sakatar nan ta zauna. Na tuna bugu talatin.

"Yarinya, kin cuce ni."

"Da me kuma?"

"Wannan wuƙar ko jikan Biri ba za ta rufe wa ba. Me ya hana ki faɗi wannan alkawarin kafin in ɗaure kusoshi?"

Ta fashe da dariya har ta dafa ƙofa.

"Kwance mana, ga ta."

"Tafi da ita," na ce, ni ma dariyar ta kama ni. "Kin ci. Ki gaishe shi, ki ce ya dawo mini da yatsunsa goma, zan ƙirga."